Kafin a Auna Ƙarfin Hoton Kwamfuta, a Fara Gyara Mudu

Duk wanda ya saba da awon hatsi ya san ba a cinikin gero sai an yarda da mudu tukuna. Haka lamarin yake ga manhajojin da ake gwada ƙarfin katin hoto na kwamfuta da su, wato GPU, irin su 3DMark da Unigine Superposition. Manhajar takan ɗora wa katin aikin zane mai nauyi, ta ƙirga hotuna nawa ya fitar cikin daƙiƙa guda, sannan ta ba da maki. Makin nan shi kaɗai ba ya faɗin komai sai an jera shi da na wata na'ura, ko da na ita wannan na'urar kafin a canja mata wani abu. Saboda haka shirin da ake yi kafin gwaji manufarsa ɗaya ce, kada makin ya yi ƙarya.

Saitin da ya fi yaudarar mutane shi ne V-Sync, wanda ke ɗaure yawan hotuna da saurin allo. Idan allon yana sabunta hoto sau 60 a daƙiƙa kuma saitin yana kunne, katin da zai iya 200 da wanda da ƙyar yake kai 70 duk 60 za su nuna, doki da jaki sun zama ɗaya. A kashe shi, har daga cikin direba, wato manhajar da ke sarrafa katin. Sai girman hoto: 1920×1080 ɗigo miliyan 2 ne da 'yan kai, 3840×2160 kuwa ya haura miliyan 8, ninki huɗu ke nan. Ko a cikin 3DMark, gwajin Fire Strike yana gudana a 1920×1080, Time Spy na 2016 kuma a 2560×1440, don haka ba a gwama makinsu. Su ma DLSS da FSR, da ke zana hoto ƙarami su faɗaɗa shi, ko dai a kashe su ko a bayyana cewa suna kunne. Mai kwamfutar tafi-da-gidanka ya jona caja, ya zaɓi tsarin wuta mafi ƙarfi a Windows, ya kuma tabbatar gwajin bai faɗa kan ƙaramin katin Intel da ke cikin na'urar ba, domin hakan na faruwa fiye da yadda ake zato.

Batun direba yana da tarihi. A 2003 kamfanin Futuremark, wanda ya ƙirƙiri 3DMark, ya bayyana cewa direban Nvidia yana gane gwajin 3DMark03 ya rage wa kansa aiki don maki ya hau. A 2018 kuma an cire wasu wayoyin Huawei daga jerin sakamako saboda suna ƙara gudu da zarar sun gane ana gwada su. Idan kamfanoni sun iya karkata mudu da gangan, mai kwamfuta ma yana iya karkata nasa bisa rashin sani. Maganin shi ne ya mayar da saitin direba yadda ya zo, ya rubuta lambar direban da ya yi amfani da shi.

Wani zai ce wannan duk yaudarar kai ce, tunda a rayuwar yau da kullum ba wanda ke rufe Chrome da WhatsApp kafin ya buga wasa ko ya haɗa bidiyo. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, sai dai ta haɗa tambayoyi biyu. Yadda na'ura ke ji a hannunka daban, iyakar ƙarfin katin daban. Abubuwan da ke gudana a ɓoye, kamar sabuntawar Windows, ba sa cin ƙarfi iri ɗaya yau da gobe, kuma abin da ba ya tsayawa wuri guda ba a awo da shi.

Ƙorafin da ya fi wannan nauyi shi ne na zafi. Katunan Nvidia da yawa sukan rage gudu idan suka kai wajen digiri 83, masu gwaji a Turai kuma a ɗaki mai sanyi suke aiki. A Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, inda zafi ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka, na'ura iri ɗaya za ta ba da maki ƙasa da nasu ba tare da ta lalace ba. Wannan makin ma gaskiya ne, gaskiyar ɗakinka ce, amma kada ka yanke wa katin hukunci da shi. Ka kakkaɓe ƙura, ka buɗe manhajar GPU-Z ko HWiNFO kana kallon zafi, ka yi gwajin sau uku ka ɗauki matsakaici. Idan kuwa na'ura ta hannu za ka saya, gwaji na uku za ka fi zuba wa ido, domin a lokacin ne na'urar ta ɗau zafi.