Sanyin ƙashi ba na tsofaffi kaɗai ba ne

Ana yawan cewa ciwon gaɓɓai na tsofaffi ne, kuma wanka da ruwan sanyi ke jawo shi. Rabin farko na da ƙamshin gaskiya, domin akwai nau'in da guringuntsi ke sirancewa da shekaru. Sanyi kuwa yana iya sa mai ciwon ya ƙara jin jiki, amma ba shi ne tushe ba. Akwai wani rukuni dabam da garkuwar jiki ce ke juyowa kan mai ita, kuma ba ruwansa da furfura. Tun a 1897 likita George Still ya bayyana wani nau'insa a jikin yara a Landan, a 1971 kuma Eric Bywaters ya nuna cewa manya ma suna kamuwa da irinsa.

A wannan cuta ta Still, ƙwayoyin garkuwar jiki na kwararo sinadaran kumburi, musamman IL-1 da IL-6 da IL-18, ba tare da wata ƙwayar cuta da suke yaƙa ba. Zazzaɓi kan kai digiri 39 kusan lokaci guda kullum, ya sauka, ya dawo, har sati biyu ko fiye. Gwiwa da wuyan hannu su kumbura, saifa ta girma, ƙuraje su fito da zafin jikin su ɓace da saukarsa, kuma a baƙar fata suna da wuyar gani. Shi ya sa yaro zai sha maganin zazzaɓin cizon sauro da na taifod sau da yawa a banza.

Jita-jitar da ta fi damuna ita ce wai gwajin jini ɗaya ke yanke hukunci. Gwajin RF yakan nuna alama ga mafi yawan manya masu amosanin gaɓɓai nau'in rheumatoid, amma yakan nuna ga mai ciwon hanta nau'in C, da mai tarin fuka, har da tsoho mai ƙoshin lafiya. Mai cutar Still kuwa galibi RF ɗinsa ba ya nuna komai. Gwaje-gwajen ESR da CRP suna shaida cewa akwai kumburi ne kawai, ba sa faɗin dalilinsa. Wani zai ce to ina amfanin kashe kuɗin? Amfaninsa na nan idan likita ya haɗa shi da tarihin ciwon da duba gaɓoɓin, ya kuma kore sikila da sankarar jini da ƙwayoyin cuta. Sinadarin feritin na jini da ya haura dubbai, alal misali, na iya zama gargaɗin wani rikici mai kisa da ake kira MAS, wanda ke bukatar kwanciya asibiti nan take.

Masu cewa ƙwayar kemis irin su prednisolone ta warkar da su ba ƙarya suke yi game da sauƙin ba. Sai dai shan ta watanni ba da sanin likita ba na tsumburar da yaro, ya raunana ƙashi, ya tayar da sukari, kuma barin ta kwatsam na da haɗari. Magungunan da ke toshe IL-1 da IL-6, irin su anakinra da tocilizumab, sun fi kare gaɓa idan an fara da wuri, duk da tsadarsu.