Marubucin da Ya Sa Gaskiya a Bakin Mutanen Sama

Ga labarin wani marubucin wasannin talbijin, Rod Serling, da abin da ya same shi a nan birnin Niyu Yok.

A cikin 1955 aka kashe wani yaro baƙar fata, Emmett Till, ɗan shekara 14, a Misisipi, kotu kuwa ta sallami waɗanda suka kashe shi. Abin ya ƙona wa Serling rai, ya zauna ya rubuta wasa a kai. A zamanin nan Niyu Yok ce cibiyar wasannin talbijin, ana yi ana watsawa nan take. Amma masu biyan kuɗin shirin suka ji tsoron fushin Turawan Kudu. Kafin a nuna wasan cikin Afrilu 1956 an ɗauke garin daga Kudu an mai da shi Arewa, an mai da mamacin wani baƙo daga ƙetare, har kwalaben Coca-Cola an kwashe don kada su tuna wa kowa da Kudu.

To, da ya ga haka sai ya sake dabara. Ya lura maganar da ba a yarda ɗan siyasa ya faɗa ba, in aka sa ta a bakin mutumin wata duniya, ba mai hanawa. A Oktoba 1959 ya fara The Twilight Zone a tashar CBS. Cikin wasanni 156 shi ya rubuta 92.

A ɗaya daga cikinsu, na 1960, wuta ta ɗauke a wata unguwa, motoci suka ƙi tashi. Kafin gari ya waye maƙwabta sun shiga zargin juna, har ɗaya ya harbe ɗaya. Ashe mutanen sama ne a kan tudu suna wasa da wutar, ba su ko taɓa kowa ba. Zato kaɗai ya watsa unguwar.

Mu wannan dabara ba baƙuwarmu ba ce. Kakanninmu a Nima da Kumasi ba su iya cewa sarki ya yi wauta ba, sai su sa Gizo ya yaudari zaki. A 1969 kuma Umaru Dembo ya kai yaron Hausa sararin sama cikin Tauraruwa Mai Wutsiya.

Yau samarinmu na Bronx suna da kyamara a aljihu. Akwai kuwa maganganu a zango da ke da nauyin faɗa gaban manya, kamar gabar ƙabila da zargin juna kan kuɗin ƙungiya. Muna roƙonsu su rubuta. Iyaye kuma kada mu ce shirme ne don mun ga jirgin sama jannati, mu tsaya mu ji abin da yaron ke nufi.

Serling ya rasu a 1975. Allah ya ba mu masu faɗa mana gaskiya, amin.