Poilao: Tsibirin da al'ada ta kare wa kunkurun teku a Gini Bisau

A kudancin tsibiran Bijagos na ƙasar Gini Bisau akwai wani ɗan tsibiri da ake kira Poilao. Ba gari, ba kasuwa, kuma faɗinsa bai kai hekta 50 ba. Amma duk damina, musamman a watannin Agusta da Satumba, dubban koren kunkurun teku ne ke hawa gaɓarsa cikin dare, su haƙa rami a yashi su zuba ƙwai. A duk Afirka babu inda wannan nau'i ke taruwa domin yin ƙwai kamar nan.

Tun kafin gwamnati ta mayar da yankin gandun da doka ta kare a shekarar 2000, al'ummar Bijago na ɗaukar Poilao wuri mai tsarki. Ba kowa ke taka shi ba, kuma al'ada ta hana zubar da jini a kansa. Wannan hani ya yi wa kunkurun aikin da masu gadi da yawa ba za su iya ba. A 2025 hukumar UNESCO ta sanya wani ɓangare na tsibiran cikin wuraren tarihi na duniya.

Uwa ɗaya kan zuba ƙwai sama da 100 a rami guda, ta rufe, ta koma ruwa. Bayan kusan wata biyu 'ya'yan su fito. Zafin yashi ne ke raba jinsinsu: idan ya wuce digiri 29, mata sun fi yawa. Shi ya sa bishiyoyin bakin gaɓar ke da daraja, domin a ƙarƙashin inuwarsu ake samun maza. Tsibirin kuma ba shi da tudu, don haka ƙaruwar ruwan teku na barazanar cinye ramukan.

Sai dai kunkuru ba ya kiwo a inda yake ƙwai. Na'urorin da masu bincike suka maƙala wa wasu iyayen sun nuna cewa da yawansu kan yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Banc d'Arguin a Muritaniya, inda ciyawar ƙarƙashin teku ke da yawa. Hanyar ta ratsa ruwan Senegal da Gambiya, inda jiragen kamun kifi ke shimfiɗa raga dare da rana. Kunkuru iska yake shaƙa, idan raga ta riƙe shi a ƙasa nutsewa yake yi. A can ba wanda hanin Bijago ya hau kansa.