Kafin ku biya kuɗin tsohon jirgin fito: abin da ya kamata iyali su duba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isar su sauraren murya.

A wasu ƙasashe, irin su Faransa da Ingila, magidanci kan sayi tsohon jirgin iska don ya riƙa fita shan iska da iyalinsa a kan teku. Mu nan ƙasar Gobir ba shan iska ke kai mu bakin gulbi ba. Gona ce a ƙetare, ko kasuwa, ko mai naƙuda da za a kai asibiti, wani lokacin kuma gudun ceton rai. Shi ya sa idan damina ta kankama za ka ji 'yan gida ɗaya sun haɗa kuɗi suna neman jirgi na hannu, tunda sabo ya fi ƙarfin aljihu. Yau kan wannan ciniki nake son mu yi magana.

Mu fara da ruwan da jirgin zai shiga. Bunsuru da Gagare suna gangarowa daga Katsina da Zamfara ta wajen Shinkafi da Isa, Gulbin Maraɗi yana shigowa daga Nijar, dukansu su zuba a gulbin Rima, ya wuce Sabon Birni ya nufi madatsar ruwa ta Goronyo. Ruwa ne mai fuska biyu. Da rani yaro ma yana taka shi da ƙafa a wurare da dama, amma a watan Agusta da Satumba sai ya cika ya batse, yana gudu da itatuwa da yayi. Jirgin da ya yi shekaru yana kamun kifi a tabki mai kwance ba lallai ya iya da wannan igiyar ruwa ba.

Kuma mun ga abin da ke biyo baya. A Afrilun 2022 jirgi ya kife a Gidan Magana, ƙaramar hukumar Shagari, mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara da matasa. A Mayun 2023 'yan mata 15 suka rasu a Dandeji a kan hanyarsu ta neman itace. Ranar 17 ga Agusta 2025 jirgin da ya ɗauko mutum fiye da 50 zuwa kasuwar Goronyo ya kife, kuma a cikin daminar 2025 ɗin aka samu irin wannan a yankin Sabon Birni, ga mutanen da ke gudun 'yan bindiga. Allah ya jiƙansu. Idan ka saurari bayanan da ake yi bayan irin waɗannan haɗurra, abu uku ne ke ta maimaituwa: lodi fiye da ƙima, tsufan jirgi, da rashin rigar kariya. Duka ukun ana iya fara maganinsu tun ranar saye.

Na farko, ku zauna ku amsa tambayar nan kafin a je ganin jirgi: me za mu yi da shi? Mutum nawa ne za su riƙa shiga a lokaci ɗaya? Za a ɗora babur? Za a ɗauko buhunan gero da shinkafa lokacin kaka? Wa zai riƙa tuƙawa, kuma ya iya iyo? Jirgin sassaƙa, wanda aka fafe daga gungumen itace ɗaya, yana da ƙarko amma siriri ne, bai son motsi, ya fi dacewa da masunci da mutum biyu ko uku. Jirgin katako da aka haɗa da ƙusa ya fi faɗi da ɗaukar kaya, sai dai kowace mahaɗa ƙofar ruwa ce. Iyalin da ke son ɗaukar mata da yara, na katako mai faɗi ya fi musu.

Na biyu, kada ku tafi ku kaɗai. Ku nemi tsohon mai fito ko masassaƙin da ba shi da alaƙa da mai sayarwa, ku biya shi ladan ƙafarsa. Dillali la'adarsa yake nema, ba shi ne zai shiga jirgin da 'ya'yanku ba.

Na uku, sai an ga jirgin sau biyu: a tudu da kuma a ruwa. A tudu, a kife shi a ga cikinsa da bayansa. A ɗauki ƙaramar guduma ko ƙotar gatari a bi katakon ana ƙwanƙwasawa. Lafiyayyen katako ƙararsa tsaf take, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji ta dushe. A soka tsinin wuƙa a wuraren da ruwa ke kwanciya, musamman ƙasa da kusurwoyi da gindin haƙarƙarin da ke riƙe da katakan. In wuƙa ta shige ba wahala, wurin ya mutu. A duba ƙananan huji da garin itace, alamar gara ko ƙwaro ke nan. A duba ƙusoshi: baƙin zobe a kewayen kan ƙusa yana nuna tsatsa ta ci ƙarfen, ta ci itacen da ke riƙe da shi. Ku tambayi irin katakon. Maɗaci da kawo suna jure ruwa, rimi kuwa yana da sauƙin aiki da rashin nauyi, amma bai daɗewa.

Ku yi hattara da sabon fenti da sabuwar kwalta. Kwalta a mahaɗar katako ba laifi ba ce, aikinta ke nan. Amma idan ka ga an shafe wuri guda da kauri, ko an manna gwangwani ko falle na kwano, ka ce a ɗaga a gani. Faci ɗaya ko biyu a gefe ana iya zama da su. Tsaga mai bin tsawon ƙasan jirgi, ko katakon baya da ya yi laushi a inda ake ɗaura inji, wannan ku yi sallama ku tafi, komai arhar sa. Arha ba ta ado.

Akwai wani abu da ke ruɗin masu saye da rani. Jirgin da ya yi watanni a kan yashi katakonsa yana bushewa ya tsuke, mahaɗai su buɗe. In aka mayar da shi ruwa zai yi yoyo da farko, sai katakon ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa cikin 'yan kwanaki. Don haka yoyon ranar farko ba hukunci ba ne, haka kuma kalmar mai sayarwa cewa zai daina ba hujja ba ce. A bar shi a ruwa kwana uku ko huɗu, a kwashe ruwan tas, a bar shi ya kwana, da safe a zo a ga abin da ya taru.

Na huɗu, lissafin lodi, kuma a nan nake son matasanmu da suka yi makaranta su taimaka wa iyaye. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Jirgi yana nutsewa daidai gwargwadon nauyin ruwan da ya ture. Ɗauki jirgi mai tsawon mita 8 da faɗin mita ɗaya da rabi. Da yake goshi da baya sun tsuke, faɗin da ke kan ruwa zai kai kamar murabba'in mita 9. Ke nan duk kilo 900 da aka ɗora zai saukar da shi santimita 10. Kilo 900 kuwa mutum goma ne masu kilo 60 da buhu uku na hatsi masu kilo 100. Ƙara wasu mutum goma da babura biyu, ka sake cinye kusan santimita 10. Jirgin da bakinsa ke nesa da ruwa da santimita 35 yana fanko, yanzu saura 15, kuma ba a yi maganar igiyar ruwa ba, ba a yi maganar mutum ɗaya ya firgita ya miƙe tsaye ba.

Saboda haka ranar gwaji a ɗora masa buhunan yashi a bakin gaɓa inda ruwa bai wuce ƙugu ba, har ya kai nauyin da kuke son ɗauka. Shawarata, a bar aƙalla taƙi ɗaya cikakke tsakanin ruwa da bakin jirgi. A ja layi da fenti a wurin, kowa a gida ya sani cewa in ruwa ya taɓa layin nan ba mai ƙara shiga, ko waye shi. Sannan ruwan da ke kwance cikin jirgi ya fi kaya haɗari, domin da jirgi ya karkata sai ya kwarara gefen da ya yi ƙasa ya ƙara danne shi.

Na biyar, inji, ga masu hali. Yawancin abin da ake gani a gulabenmu ƙananan injuna ne irin Yamaha masu ƙarfin doki 15 zuwa 40. Ku ce kada a tayar da shi kafin ku iso, ku taɓa ku ji yana da sanyi, domin inji mai ciwo ya fi nuna halinsa a tashin farko. In ya tashi, a duba ɗan siririn ruwan da yake fesowa ta baya. In babu shi, inji bai samun sanyaya. A kwance ƙusar man giya ta ƙasa: in man ya fito fari kamar madara, ruwa na shiga. A duba farfela ko ta lanƙwashe. A duba lambar inji, in an kankare ta ku bar shi, kada ku sayi kayan sata. Kuma ko da inji, filafili biyu da doguwar gora ba sa fita daga jirgi.

Na shida, kada kuɗinku ya ƙare a kan jirgin. Ni dai ina ganin a ware kamar kashi ɗaya cikin huɗu don gyara, igiya, abin kwasar ruwa, da rigunan kariya, har da na yara daidai jikinsu. Hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare a ruwa, ta kuma wajabta sa rigar kariya. Na san wanda harbi ya taso da tsakar dare ba zai tsaya duba agogo ba. Amma daidai saboda irin wannan daren ne ya kamata riguna su kasance a rataye kusa, layin fenti ya kasance a jiki, kuma a riga an shirya cewa sawu biyu za a yi, mata da yara a gaba.

Na ƙarshe, takarda. A yi ciniki a gaban Sarkin Ruwa ko maigari da shaidu biyu. A rubuta sunan mai sayarwa, tsawon jirgi, lambar inji, kuɗin da aka biya, aibin da aka bayyana, da kwanakin gwajin da aka yarda a mayar in wani ɓoyayyen aibi ya fito. In 'yan uwa ne suka haɗa kuɗi, a rubuta kason kowa, wa ke tuƙi, wa ke gyara, da yadda za a raba in an yi fito na kuɗi. Zumunci da yawa ya lalace a kan abin da ba a rubuta ba.

Wanda ke da dattijo mai fito a gida, ya karanta masa wannan, ya rubuto mana abin da ya ƙara, musamman mutanen Gatawa, Tsamaye, Turba da Bafarawa. Allah ya tsare mu a tudu da ruwa, ya dawo mana da zaman lafiya. Sai mako mai zuwa.