Dabbar Da Ake Gwada Maganin Ciwon Kunne A Kanta

'Yan'uwana mata, wace uwa ce a cikinmu ba ta taɓa kwana zaune ba, yaro yana kuka yana jan kunne? Wannan ciwo yakan biyo bayan mura. Ƙwayoyin cuta su bi wata 'yar hanya daga maƙogwaro, su shiga ɗan ɗakin da ke bayan dodon kunne, mugunya ta taru. In aka yi sakaci, har ya taɓa jin yaro.

A dā penisilin yana gamawa da babbar cikinsu, watau numokokus. Amma a 1967 aka sami irinta mai jure masa a Ostareliya, a 1977 kuma a Afirka ta Kudu aka ga wadda ta gagari magunguna da yawa.

To, ba a fara gwada sabon magani a kunnen ɗan mutum. Sai masana suka koma ga cincila, wata dabba mai laushin gashi kamar ƙaramin zomo, wadda asalinta duwatsun Andes ne a Amurka ta Kudu. Ɗakin kunnenta babba ne, jinta kusan irin namu, kuma ba ta cika yin ciwon kunne da kanta ba. A 1976 Likita Giebink da abokan aikinsa na Jami'ar Minnesota a Amurka suka buga yadda suka sa mata ciwon.

Ga yadda ake yi. A ba dabbobin maganin barci, a sa musu ƙwayar mai taurin kai a kunne da allura. In ciwo ya kama, a ba waɗansu magani, a ƙyale waɗansu. Sa'an nan a zuƙo ruwan kunnen, a ƙidaya ƙwayoyin da suka saura.

Abin da aka gane shi ne, ba ƙarfin magani kaɗai ke warkarwa ba, sai ya isa cikin kunnen da yawa, ya kuma daɗe a can. Irin wannan sani, tare da binciken da aka yi a kan yara, ya sa a 2004 likitocin yara na Amurka suka ba da shawarar a ninka amoksisilin da ake ba yaro.

Saboda haka, uwargida, in likita ya rubuta magani, ki ba da shi daidai awo, daidai lokaci, har kwanakin su cika. Kada ki rage don ƙaninsa, kada ki saya a tire. Rabin magani horo ne ga ƙwayar cuta, gobe ta dawo ta fi ƙarfinsa. Allah ya raya mana su.