Zama da Neman Abinci a Ƙasar Sa'udiyya

Tun kafin zuwan mota da jirgin sama Hausawa suke bin hanyar gabas. Maniyyaci ya kan tashi daga Kano ko Katsina ko Damagaram, ya ratsa Borno da Wadai da Darfur, yana tafe yana yada zango, yana noma ko dako ko ɗinki don ya sami guzuri, har ya kai Sawakin a bakin Bahar Maliya, ya shiga jirgin ruwa zuwa Jidda. Tafiyar ta kan ci shekaru. Waɗansu sun tsaya a Sudan, kamar jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru waɗanda suka ci gaba da hijira bayan yaƙin Burmi a 1903, suka kafa garin Mai Wurno. Waɗansu kuwa sun zauna a Makka da Madina, ga jikokinsu nan yau 'yan ƙasa, da yawa ana kiransu da laƙabin Hausawi.

Wannan tarihi ne ya sa mutane da dama suke ganin zama a ƙasar Makka abu ne mai sauƙi, tun da dangi suna can, harshe yana can. Amma zamanin shiga ba takarda ya wuce. Ƙidayar da aka yi a 2022 ta nuna mutanen Sa'udiyya sun kai miliyan 32.2, daga cikinsu miliyan 13.4 baƙi ne. Ƙasar da baƙinta suka yi yawa haka ba ta wasa da takardunsu, kuma mafi yawan wahalar da baƙo ya kan sha can daga takarda take somawa.

Biza iri-iri ce

Abu na farko shi ne mutum ya san irin bizar da aka buga masa. Bizar Hajji da ta Umra da ta ziyara ko ɗaya ba ta ba da iznin yin aiki, kuma kowacce tana da ranar ƙarewa. Bizar aiki kuwa ba ta fita sai da wani kamfani ko wani ɗan ƙasa da ya nemi ma'aikacin, a rubuta yarjejeniya, sa'an nan likita ya duba lafiyarsa tun a gida.

A nan ne 'yan damfara suke cin kasuwarsu. Wani ejan ya kan ce yana sayar da bizar da mai ita zai yi aiki inda ya ga dama. Babu irin wannan biza a dokar Sa'udiyya. Abin da ake yi shi ne wani ya fitar da biza da sunan yana bukatar ma'aikaci, ya sayar, sa'an nan ya saki mutumin ya je ya yi ta buga-buga, yana karɓar kuɗi a hannunsa duk shekara. Ran da aka kama baƙon yana yi wa wani aiki, ya karya doka. Har wa yau, dokar ƙwadago ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikaci kuɗin ɗauko shi, da kuɗin takardar zama, da na iznin aiki, da tikitin komawa gida in yarjejeniya ta ƙare. Saboda haka duk wanda aka ce ya sayar da gona ya biya waɗannan, to, ya kamata ya tsaya ya yi tambaya.

Igama da kafili

Da baƙo ya sauka, sai wanda ya ɗauko shi, watau kafili, ya fitar masa da katin zama wanda ake kira igama, a cikin kwana 90. Da igama ake buɗe ajiya a banki, da ita ake kama gidan haya, da ita ake ganin likita da inshorar lafiya. In wa'adinta ya wuce ba a sabunta ba, al'amuran mutum su kan tsaya cik, ko da laifin na kafili ne.

A da, ma'aikaci ba ya iya sake wurin aiki ko fita daga ƙasar sai da yardar kafilinsa.  Gyaran da aka yi wa wannan tsari ya soma aiki ne ran 14 ga Maris 2021. Daga wannan rana ma'aikacin kamfani yana iya komawa wani kamfani bayan ya cika shekara guda, bisa waɗansu sharuɗɗa, yana kuma iya neman iznin fita da kansa ta dandalin gwamnati na intanet mai suna Absher. Sai dai gyaran bai haɗa da masu aikin gida ba, da direbobin gida, da makiyaya, da masu aikin gona da lambu. Waɗannan kuwa su ne ayyukan da talaka ya fi samu, musamman mata. Su dokarsu dabam ce, kuma ana ɗaukarsu ne ta wani dandali da ake kira Musaned.

Doka ta hana kafili riƙe fasfon ma'aikaci, ko da yake ana yi. Abin da baƙi suka fi tsoro shi ne ƙarar da ake kira hurub, watau kafili ya sanar da hukuma cewa ma'aikacinsa ya gudu. Wanda aka cuta, ya yi fushi ya bar gidan aiki ba tare da ya kai ƙara ba, ya kan wayi gari shi ne mai laifi. Hanyar da ta fi ita ce a kai kuka ofishin ƙwadago, inda ake fara neman sulhu, in ya gagara a wuce kotun ƙwadago, irin waɗanda aka buɗe a 2018.

Haƙƙin ma'aikaci

Ga ma'aikacin kamfani, aiki awa 8 ne a rana, ko 48 a mako. A watan azumi a kan rage wa Musulmi zuwa awa 6. Hutun shekara kwana 21 ne, ya zama 30 bayan shekara 5. Daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba an hana sa mutane aiki a cikin rana tsakanin ƙarfe 12 da ƙarfe 3 na yamma. Ranakun hutun mako kuwa tun 2013 Jumma'a ne da Asabar a ma'aikatun gwamnati da bankuna.

Akwai kuma kuɗin sallama, wanda da yawa su kan baro shi don rashin sani. Ana lissafa rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar na farko, sa'an nan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayansu. Alal misali, mai albashin riyal 2,000 da ya yi shekara 7, yana da riyal 5,000 na shekaru biyar na farko da 4,000 na biyun ƙarshe, jimla 9,000. In shi ne ya ajiye aikin da kansa, kashi biyu cikin uku zai samu, watau 6,000. Wanda ya ajiye aiki kafin ya cika shekara 2 ba shi da kome.

Tsadar zama

Tun 1986 dalar Amurka guda take daidai da riyal 3.75, don haka wanda yake juya albashi zuwa naira ko sefa ya kan ga kuɗi mai yawa. Ba a cire harajin albashi, amma akwai harajin sayayya, wanda aka soma da kashi 5 cikin 100 a 2018, aka ɗaga zuwa kashi 15 a Yuli 2020. Kuɗin haya kuma galibi na shekara ko na wata shida ake nema a dunƙule.

Mai niyyar kai iyali sai ya ƙara lissafi. Ba kowace sana'a ce take ba da damar ɗauko mata da 'ya'ya ba. Bugu da ƙari, a Yuli 2017 aka ɗora wa ma'aikatan kamfanoni baƙi riyal 100 a wata a kan kowane mutum da ke ƙarƙashinsu, ana ƙarawa duk shekara har ya kai 400 a Yuli 2020. Mai mata guda da 'ya'ya uku ke nan zai biya riyal 1,600 a wata, watau 19,200 a shekara, tun kafin a yi zancen abinci.

Zaman takari

Waɗansu su kan shiga da bizar Umra su maƙale, su ne ake ce wa 'yan takari. Mai irin wannan zama ba shi da bakin kai ƙara in an hana shi haƙƙinsa, kullum kuma yana cikin fargabar askarawa. Nauyin ya fi faɗa wa 'ya'yansa, domin haihuwa a Sa'udiyya ba ta mai da yaro ɗan ƙasa, kuma yaron da iyayensa ba su da igama da wuya ya sami takardar haihuwa ko gurbi a makaranta. Wanda aka kama a kan ci shi tara ko a ɗaure shi, a tsare shi a sansani irin na Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, a ɗauki hoton yatsunsa, a mai da shi gida, a hana shi dawowa. Hukuma ta yi afuwa a 2013 da 2017 don marasa takarda su fita ba hukunci, amma afuwa ba abin dogara ba ce.

Ko aikin Hajji ma sai da izni na musamman, har ga mazauna ƙasar. A Hajjin 2024, sa'ad da zafi ya haura digiri 50 a Makka, mutane fiye da 1,300 suka rasu, kuma hukumomin Sa'udiyya sun ce kashi 83 cikin 100 daga cikinsu ba su da izni, sun yi doguwar tafiya cikin rana ba inuwa.

Kaya da saƙo

Hukuncin fataucin miyagun ƙwayoyi a Sa'udiyya ya kan kai ga kisa. Al'adar karɓar saƙo a filin jirgin sama, don kunya ko zumunci, ta jefa mutane cikin halaka. A Disamba 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka maƙala wa sunanta, ba a sake ta ba sai a ƙarshen Afrilu 2019, bayan bincike ya nuna jakar ba tata ba ce. Matafiyi ya ɗaure kayansa da hannunsa, ya ƙirga jakunkunansa, ya adana takardun awonsu. Mai shan magani ya riƙe takardar likita. Goro ma hukumar alhazai ta Najeriya ta sha gargaɗin maniyyata kada su ɗauka.

Kafin a yi sallama

Matambayi ba ya ɓata. Kafin mutum ya biya ko sisi, ya kamata ya ga yarjejeniyarsa a rubuce, ya sa wanda ya iya Larabci ya karanta masa, domin in gardama ta tashi rubutun Larabci ake bi. Ya san sunan kafilinsa da garin da zai zauna, da albashi, da wanda zai ɗauki nauyin masauki da abinci. Ya bar hoton fasfonsa da na yarjejeniyar a hannun danginsa, ya riƙe lambar ofishin jakadancin ƙasarsa. Najeriya tana da babban ofishi a Riyad da ƙarami a Jidda. Ya koyi Larabcin kasuwa da na wurin aiki, ko da na gaisuwa da ƙidaya ne, ya kuma ajiye kuɗin da zai riƙe shi wata biyu ko uku in albashi ya yi jinkiri. Ejan da ya kasa amsa waɗannan tambayoyi a gida, ba zai amsa waya ba in an isa Jidda.