Kujerar kaka ta shiga salo, icen sassaƙa kuwa yana ƙarewa

Duk wanda ya bi babbar hanyar kwalta daga Gidan Runji, ya ratsa Maraɗi da Cadawa da Agye har Gazawa, in ya tsaya a kasuwannin da ke bakin hanya, zai tarar da rumfar masassaƙa can gefe, kusa da masu icen girki. Turame da taɓare da muciyoyi su ne kan gaba. Kujerar mata, wadda ake kira ƴar tsugunno, tana nan ita ma, amma ba kamar da ba. Ta rage yawa, ta rage kauri, kuma ga tulin kujerun roba na kowane launi sun tsaya mata kishiya.

A gidan Bahaushe na gargajiya namiji tabarma ce wurin zamansa, malami kuwa buzu. Kujera ta mace ce. A kanta take tuƙa tuwo bakin murhu, a kanta take wanke-wanke da kitso, a kanta mai jego ke zama lokacin wankan ruwan zafi. Tana cikin kayan ɗakin da uwa ke haɗa wa ɗiyarta ran da za a kai ta gidan miji, tare da ƙore da akushi. Tsawonta bai kai kamu biyu ba, domin an yi ta daidai da murhu mai duwatsu uku, ba daidai da tebur ba.

Abin da ya bambanta ta shi ne gungume guda ake fafe ta daga ciki, ƙafafu da mazauni duka, babu ƙusa babu haɗi. Masassaƙi yakan fara da gatari, ya bi da gizago, sa'annan ya gyara da wuƙa. Daga ƙarshe a sa ƙarfe cikin wuta a ƙona mata zane baƙi a gefe. Ɗanya tana da sauƙin sassaƙa, ba ta da nauyi. Ƙirya kuwa tauri gare ta, gara ba ta cinta da sauƙi, shi ya sa turmin ƙirya ke ganin jikoki. Kujerar da aka yi da icce na kirki, in ta shekara talatin ana zama kanta, sai mazauninta ya yi santsi ya yi duhu kamar an shafa masa mai.

Bayanta kafintoci suka zo da benci da ƙaramar kujerar katako da ƙusa, masu walda kuma suka kawo ta ƙarfe mai saƙar igiyar roba, wadda kowane ma'aikaci ya san ta a ƙofar gida wajen shan shayi. Sai ta roba zalla ta shigo daga masana'antun Kano ta hanyar Jibiya da Ɗan Isa, mai araha, marar nauyi. Ba laifinta ba ne: mai gidan da ke da biki yana bukatar wurin zaman mutum ɗari. Sai dai rana tana cinye ta, in ta tsage kuwa sai bola.

Yau ga wani abin mamaki. Kujerar da aka kora daga tsakar gida ta sake shigowa ta ƙofar salo. A Yamai da Maraɗi akan gan ta a ɗakin baƙi na manyan ma'aikata da a otel-otel, an goge ta, an ɗora mata fitila ko tukunyar fure. Masu sana'ar hannu na gidan tarihi na Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959, da na Wadata a Yamai, sun daɗe da gane cewa baƙi na son irin waɗannan kaya. A Turai da Amurka masu ƙawata gidaje suna neman kujerun Afirka na gungume guda, ko da yake na Ashanti da na Nufawa masu ƙafafu da yawa sun fi suna. Fataken Hausawa ne ma tun da daɗewa ke riƙe da babban sashe na cinikin kayan gargajiya a Abijan.

To, a nan ne ake cutar mutanen karkara. Dillali yakan bi ƙauyuka da kujerun roba ko ƴan kuɗi kaɗan, tsohuwa ta miƙa masa abin da ta gada daga uwarta tana ganin ta ci riba. Mai saye a birni shi ma ba ya tsira, don akwai masu turara sabuwar kujera da hayaƙi su shafa mata mai ta yi kama da tsohuwa. Gane ta ba wuya. A juya ta a dubi ƙafafu: ta gaske ƙasa ta cinye gindinta, kuma ba daidai wa daida ba. Santsinta yana wurin da jiki da hannu ke taɓawa kaɗai, ta jabu kuwa baƙinta ko'ina ɗaya ne, har inda hannu ba ya kai. Ɗan kasuwar da ke niyyar fitar da tsofaffin kaya waje ya kamata ya san akwai dokar 30 ga Yuni 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa, ya nemi izini kafin kaya su isa hannun duwan.

Babbar matsalar dai ba a kasuwa take ba, a daji take. Kujerar gungume guda tana bukatar icce mai kauri, irin wanda ya yi shekaru da yawa yana tsaye. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984, da faɗaɗa gonaki a wannan yanki mai cunkoson jama'a, sun share manyan itatuwa da dama. Gandun dajin Ɗan Kada Dodo da na Ɗan Gado a ƙasar Agye, da dajin Baban Rafi kudu maso yammacin Maraɗi, duk sun sha gatari. Dokar daji ta 1974 ta sa ɗanya da gawo da aduwa da tsamiya da maɗaci cikin itatuwan da aka hana sarewa sai da izini, wata sabuwa kuma ta maye gurbinta a 2004. Masassaƙi ya zama mai aiki da ido ɗaya kan gizago, ɗaya kan hanyar da ma'aikacin gandun daji zai ɓullo.

Amma kuma wannan ƙasa ce ta nuna wa duniya sassaben zamani. Tun wajen 1984, shekarar da aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi zamanin Seyni Kunce, manoma suka fara barin tohon kututture a gona suna gyara shi maimakon ƙone shi. Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ya yi aiki a Maraɗi, yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Ƙauyen Ɗan Saga na Agye ya yi suna da kwamitinsa na tsaron itatuwa, maza da mata. Masana sun ƙiyasta cewa wajen eka miliyan 5 na awon hekta suka farfaɗo a Nijar, da itatuwa kimanin miliyan 200. A watan Yuli 2020 gwamnati ta fitar da wata doka da ta tsara wannan aiki, ta kuma amince da haƙƙin manomi kan iccen da ya raina.

Sai dai yawancin abin da ya toho sabara ce da kalgo da gawo, masu ba da icen girki da abincin dabbobi. Ƙirya da ɗanya sannu suke girma. Manomin da ya bar ƙirya a gonarsa a Gangara ko a Cadakori bana, da wuya shi ne zai ga gungumen da ya isa a fafe kujera. Kafin nan masassaƙa suna ta rage faɗin mazauni gwargwadon iccen da suka samu, wasu ma sun koma ga dogon yaro, wanda ake samu a bakin kowace hanya.